Wa'adin Jibi

Bilya ya ɗaura zanen, ya kwance, ya sa riga, ya sake tuɓewa. Tun hantsi yake wannan aiki a ɗakin da suka zauna shi da Arzika shekara goma sha tara, zaman da mutanen gari ke kira abota don bakinsu ya huta.

Ruwa ya ɗauke kwana ashirin, gero ya fara naɗewa a gonakin da ke tsakanin Kankiya da Kusada. A irin wannan lokaci dole a sami mai laifi, kuma 'yan daudu ne mafi sauƙin samu. Da safe mai shela ya zaga kasuwa: duk namijin da ke ɗaura zane yana tuya ya bar gari kafin magariba.

Sau huɗu aka yi wannan shela Arzika na da rai, sau huɗu yana zuwa ƙofar dagaci da zanensa a ƙirji, ya yi magana da yawun kowa. Sau ɗaya ya dawo da shatar bulala, amma ba a taɓa korar ko mutum ɗaya ba. Da bazarar nan ya rasu.

Manu mai waina ya leƙo.

"Uwar ɗaki, mu huɗu muna zaune kan ƙullin kaya. Za ki je, ko mu kama hanyar Kano?"

"Ni ba Arzika ba ce."

"Mun sani. Ita ke da baki, ke tukunya gare ki. Amma wa ya rage?"

Da zanen ya fita. A hanya ya ci karo da tsofaffin mata sanye da wandunan mazansu, suna zagaya gari roƙon ruwa. Su babu wanda ya yi musu shela.

A zauren dagaci ya durƙusa, duk maganar da ya shirya ta gudu. Dagaci ya daɗe yana dubansa.

"Marigayi in ya zo nan, magana yake har liman ya tashi ya fita. Cewa yake a nuna mashi garin da aka kore ku ruwa ya sauka. Kai mi ka zo da shi?"

"Ita ɗin dai, ranka ya daɗe." Bilya ya ɗaga kai. "A nuna mani."

Wani ya yi tsaki, wani ya ambaci bulala. Sai malamin dagaci ya sunkuya ya yi raɗa, raɗar da kowa ya ji: gobe Joji, Baturen mulki, zai sauka rangadi da 'yan dako talatin, kuma babu maigidan da zai bar matarsa ta fito ta dafa wa baƙin maza.

Dagaci ya shafa gemu.

"Ku zauna har jibi. Tuwon mutum talatin, miya ta yi kyau."

"Bayan jibi fa?"

"Sai ka dawo. Ka ɗauka shi marigayin wani abu ya taɓa samu wanda ya wuce haka? Jibi nake ba shi, ya dawo ya karɓi wani jibin, har mutane su manta."

Bilya ya fito daga zauren. Shekara goma sha tara yana zaton Arzika da nasara yake dawowa gida.

Manu na jira a gindin durumi.

"An bar mu?"

"Har jibi."

"Jibi kaɗai?"

"Ki kwance kaya, ki nemo itace. Jibi ni zan koma."