Sunan da Maimunatu Ba Ta Faɗa Ba

"Inna, ɗago kanki ki kalli gilashin nan," in ji ma'aikaciyar.

Maimunatu ta ɗago. Tun da hantsi take bin layi a harabar ofishin tantancewa na Kaura Namoda, ga shi har rana ta take tsaka. Na'urar da ke kan tebur, wata 'yar aba mai faɗin allon karatu, ta yi ƙara sau ɗaya, sai ga hotonta ya fito. Ma'aikaciyar, wata budurwa mai suna Muhsina, ta karanta abin da ke ƙasa: Maimunatu matar marigayi Labbo, daga wani ƙauye a bayan Kurya Madaro, 'yar gudun hijira, 'ya'ya uku.

"Wa kika zo nema?"

"Yaron da anka sauke ga mota shekaranjiya, hanyar Shinkahi. Na gidanmu na."

Labarin ba ɓoyayye ba ne a garin. Shekaranjiya jami'an tsaro suka tare wata motar albasa, suka sauke samari goma sha ɗaya. Tun bara aka rubuta mutanen duk ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, gida-gida, aka zuba cikin kwamfuta. Ita wannan kwamfutar, wadda aka ce an koya mata tunani, ita ke raba ɗan gari da wanda ake zargin infoma ne na mutanen daji. Bakwai ta san da su, aka sallame su. Huɗu ta ce ba na kowa ba ne, kuma yau bayan azahar za a wuce da su Gusau. Irin wannan tafiya kuwa kowa ya san ranar zuwa, ranar dawowa sai Allah.

Muhsina ta bi sunayen da yatsa. "Asiya, Faruku, Abbati. Wanne ne daga ciki?"

"Ba shi ciki. Babbansu na."

"To, me sunansa?"

Maimunatu ta sunkuyar da kai, ta kama gefen hijabinta tana murzawa.

Shekara ashirin da huɗu ke nan da ta haifi yaron, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya kan kunya. In tana son sa sai ta ce da ƙannensa, "Ku kira yayanku." In ya shigo gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, shi ma yana kallon ƙasa. Son da take masa a kwano yake: tsokar da ta fi girma ita take turawa ƙarƙashin tuwonsa, ta aika Asiya da shi. A ƙauyensu babu wanda ya taɓa cewa wannan ƙiyayya ce. Mace ta gari ke nan.

Ranar rajista yana Shinkafi wurin dako. Ɗaya bayan ɗaya ake shigar da mutane rumfa, wani saurayi mai sauri ya ce ta lissafa 'ya'yanta. Ta faɗi uku, ta tsaya. A gida, da ta tsaya haka, wata tsohuwa ce za ta ƙarasa mata. A rumfar babu tsohuwa. Saurayin ya ce, "Shi ke nan?" Ta sunkuyar da kai, ya danna, ya ce na gaba. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da sunkuyawar nan ke nufi, amma ba a gaya wa kwamfuta ba.

Muhsina ta daɗe tana kallon ta, sannan ta rage murya. "Ɗan fari ne, Inna?"

Ta gyaɗa kai.

"Ni ma 'yar fari ce. Har yau 'ke' nake a wurin innarmu a Zurmi." Ta miƙe. "Jira ni."

Ta dawo da shugaban ofishin, Malam Anwar, wanda aka turo daga Gusau tare da na'urorin. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne dai da ya ji daɗin an sauke masa nauyin yanke hukunci. Ya saurara yana duba agogo.

"Hanya ɗaya ce," ya ce. "Wadda ta yi rajistar gidan ita za ta ƙara shi da bakinta. Ta faɗi sunansa, ta ce ita ta haife shi. Na'ura za ta auna maganar. In ta yarda, yanzun nan a buɗe masa ƙofa."

"Oga," in ji Muhsina, "ko ni in faɗa wa na'urar sunan, Inna ta ce haka ne?"

"Muryarta ta sani, ba taki ba."

"Ranka shi daɗe," in ji Maimunatu, "ku hiddo shi ku dube mu. Ai ko makaho ya shahwa ya san jini guda na."

"Inna, da can da ido muke yi, aka ce muna karɓar na goro muna sakin ɓarayi. Yanzu ga wadda ba ta cin hanci, ba ta san ɗan kowa ba." Ya juyo mata da na'urar. "In kin ga ja ya kunnu, ki yi magana."

Ja ya kunnu.

Maimunatu ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ta ji kamar an ce ta tuɓe a tsakiyar kasuwa. Bayanta layi ya kasa kunne, maza da mata, har da mutanen ƙauyensu. Ta tuna tsohon mai sunan, wanda ko takalminsa ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta tuna ranar da aka tashe su, yaron nan ne ya goya Abbati tun daga bakin rafi har titi, ƙafarsa na jini, ita kuwa ko sannu ba ta iya ce masa ba, sai ruwa ta miƙa wa Asiya ta ba shi. Daga masallacin bakin hanya aka fara kiran azahar.

"Inna, daure," Muhsina ta ce a hankali.

Ta runtse ido. "Muh… Muhtari." Muryar ta fito a sarƙe, kamar ba tata ba. "Muhtari Labbo. Ni na haihe shi."

Wata tsohuwa a layi ta ce, "Allah sarki."

Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan gilashin, sannan rubutu ya fito da Turanci. Muhsina ta karanta, ta kawar da kai. Malam Anwar ne ya fassara, da muryar mai karanta sanarwa.

"Ta ce kin yi daƙiƙa arba'in da bakwai kafin ki faɗi sunan. Muryarki na rawa, kuma ba ki kalle ta ba. Ta ce uwa ba ta ɗaukar wannan lokaci kafin ta tuna sunan ɗanta, alama ce kitsa miki aka yi. Ba ta yarda ba." Ya sake duba rubutun. "Ta ma ƙara masa zargi."

"Oga, kunya ce!" Muhsina ta ce. "Wallahi kunya ce, kai ma ka sani. A sake."

"Na sani. Sau ɗaya ake yi. Akwai takardar ɗaukaka ƙara a Gusau."

Maimunatu ta dubi abin da ke kan tebur. Baƙin ciki ya kama ta, irin wanda ko ranar mutuwar Labbo ba ta ji ba, don ran nan ta san wanda za ta tsine wa.

"Wa ya hore ta, wagga aba?" ta ce. "Ba ta da uwa?"

Malam Anwar ya ce na gaba.

Ta fito harabar daidai lokacin da ake fito da su ta ƙofar baya, su huɗu, an ɗaure su biyu-biyu. Shi ne na uku, da rigar dakon da Asiya ta ɗinke wa kafaɗa. Aka tura su bayan mota, direba ya tayar. Mata sun taru a bakin wayar shinge suna salati. Maimunatu ta kutsa cikinsu ta riƙe wayar da hannu biyu. Wannan karon harshen bai yi gardama ba.

"Muhtari!"

Ya ɗago kai da sauri.

"Muhtari!"

Ya shiga bin fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya zo kanta, ya gane ta, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Sannan ya ɗago ya ci gaba da duba sauran, yana neman wadda ta kira shi, har motar ta sha kwana ta hau titin Gusau.