Wuyan Randar Ummi

A shekarar da masu awon ƙasa suka fara kai-kawo a garinmu, tun ana ce masa Abuja, babu wanda bai san Daso mai ginin tukwane ta unguwar Iku ba. Tsohuwa ce siririya mai dogayen hannuwa, ga baki. Idan ka yaba tukunyar wata a gabanta, sai ta ɗauka ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, ta ce, "Ba laifi, a zuba wa kaji ruwa."

Randa ce abin tinƙahonta. Ita ba ta juya randa, ita ce ke juyawa. Takan dasa yumɓu a ƙasa, ta sunkuya, ta riƙa zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, har ginin ya kawo mata ƙirji. Shekara arba'in tana wannan zagaye a kan ƙafar hagu, sai kwatangwalon hagun ya ce shi ma a san da zamansa.

Abin haushin, da rana ciwon yakan yi lamo. Jira yake ta kwanta. Da zarar haƙarƙarinta ya taɓa tabarma sai ya fara sara, daga kwatangwalo har gwiwa. Ta daina kwanciya ta hagu. Takan shafa man kaɗe, ta naɗe tsohon zane ta cusa tsakanin gwiwoyinta, ta tono tsingaron da ta binne cikin toka mai zafi, ta ƙunshe a tsumma ta ɗora a wurin. Wannan yakan samo mata barci ɗan kaɗan, kafin tsingaron ya huce ciwon ya dawo bakin aikinsa. Ba ta taɓa yin nishi wani ya ji ba, don a ganinta nishi ma zubar da girma ne.

To a gidan nan, duk 'yar da za ta tare da randar ginin gida take tafiya. Saura wata guda bikin Ummi, jikarta, da wani tela ɗan garin Diko da yarinyar ta kawo da kanta. Salisu, uban amarya kuma ɗan farin Daso, ya riga ya kai tsohuwar asibiti, an ce ta huta.

"Inna, ginin nan ya isa haka," in ji shi. "Zan saya wa yarinyar nan duro, yanzu shi ake yayi."

Daso ba ta kama sunan ɗan fari, amma wannan bai hana ta wanke shi ba. "Kai, ruwan tsatsa za ka aika jikata ta ba mijinta? A ce daga gidana ta fito?"

Ya lallashe ta, ya kwashe yumɓun da ya gani ya kulle. Bai san akwai wani jiƙaƙƙe a ɗakin marigayi babansa ba, inda ba mai shiga sai gizo-gizo.

Daso ta daɗe da lura cewa idan ciwon ya tashe ta, tsayuwa da ɗan takawa sun fi kwanciya sauƙi. Sai ta ce a ranta, tunda dole ta taka, me zai sa ta taka a banza? Daga ranar, tsingaro na hucewa sai ta ɗauki fitila ta lallaɓa ɗakin marigayi. Ta zagaya a hankali, ta dafa bango ta huta, ta koma. Dare na farko gindi ya zauna. Dare na uku ciki ya buɗe, ya yi fam. Ta tsaya tana kallonsa, daɗi ya kama ta har ta manta da ƙafar na ɗan lokaci.

Ranar ce Zuwaira, 'yarta da ke aure a Izom, ta iso don shirin biki, ta sauka a ɗakin uwar. Zuwaira ta koyi gini tun tana budurwa, amma ta watsar, don duk tukunyar da ta gina sai Daso ta latse ta da dunduniya ta ce a sake. Har yanzu abin yana ranta, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

A dare na huɗu aka zo wuya. Shi wuyan randa ba ya son tsayawa. Jiƙaƙƙen tsumma ake matsawa a leɓen, a zagaya da sauri a numfashi ɗaya, inda ka tsaya nan zai lotsa. Daso ta yi bisimilla ta fara. Tana kaiwa rabi kwatangwalon ya riƙe, ta tsaya, leɓen ya lotsa. Ta gyara ta sake, ya sake lotsawa a wuri ɗaya. Ta taɓa kafaɗar randar ta ji ta fara tauri. Idan ba a fitar da wuyan kafin asuba ba, yumɓun ba zai ƙara karɓar hannu ba, kuma babu sauran kwanakin da za a sake wata ta bushe a gasa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ciwon bai taɓa sa mata ba.

"Inna, ba ni tsumman."

Zuwaira ce a bakin ƙofa, da tsingaro a ƙunshe a hannunta, ta sake ɗumamo shi.

"Ke? Shekara nawa rabonki da yumɓu?"

"Ashirin da biyu. Zauna ki ɗora wannan."

Daso ta zauna a kan kifaffen turmi, ba don ta yarda ba, sai don ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta danna tsingaron a kwatangwalo, ta zuba ido tana jiran kuskure. Zuwaira ta ɗaure zane, ta jiƙa tsumma, ta sunkuya ta tafi da baya. Zagaye ɗaya, na biyu, na uku. Wuyan ya taso siriri, leɓen ya kwanto waje sumul. Tsohuwa ta ɗaga fitila ta bi shi kaf, ta shafa da ɗan yatsa, ta sake bi. Sannan ta miƙa hannu 'yarta ta tashe ta.

Da Salisu ya gano, bai yi faɗa ba. Ranar gashi shi ya kawo itacen da kansa, yana ta ƙunƙuni.

Ranar kai amarya aka fito da randar tsakar gida, ja jawur. Mata suka kewaye ta. Wata tsohuwa daga dangin ango ta shafa leɓen ta ce, "Hannun Daso dai ba ya tsufa. Ku dubi wuyan nan, ko a ƙuruciyarta ba ta yi kamarsa ba."

Zuwaira ta sunkuyar da kai tana gyara kayan amarya, ta san halin uwarta. Daso ta dafa sanda ta miƙe, ta ɗingisa har gaban randar, ta ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito tas, ta daɗe kafin ta mutu.

"Gaskiyarki," ta ce. "Cikin nawa ne. Wuyan na Zuwaira ne, 'yata. Ni ban taɓa fitar da irinsa ba."