Kwana Taran Koci Badamasi

Ƙarar da na ji daga kicin ba ta faɗuwar mutum ɗaya ba ce. Na fito da ludayi a hannu, na tarar da maigidana, Malam Inuwa, kwance a tsakiyar matakalar bene, maƙwabcinmu Koci Badamasi ya danne shi da kafaɗa. Kankanar da Malam ya sayo ta tarwatse, jan ruwanta yana bin bango. Na ɗauka jini ne.

"Koci, ni ne fa," in ji Malam da ƙyar. "Inuwa ne."

Koci ya ɗago a hankali yana duban hannuwansa. Gefen kansa, sama da kunnen dama, ya bugi ƙarfen matakala, wurin har ya fara tashi. Bai ko shafa ba.

"Na ga mutum ya taho a guje da ƙwallo a hammata," ya ce. "Wallahi abin da na gani ke nan."

Malam dai zafin azahar ɗin Riyad ne ya koro shi daga baƙala, wato kantin unguwa, ya hau bene da sauri rungume da kankana. Iyakar laifinsa ke nan.

Shekara biyu muna ƙofa da ƙofa da Koci a unguwar Nasiriya. Haifaffen Jos ne, kawunsa ya tafi da shi Amurka yana ɗan shekara goma sha uku, can ya zama ɗan ƙwallo. Da Malam ya ji haka sai murna, ya samu abokin kallon wasa. Ashe ba irin tamu ba ce, ta Amurkawa ce, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ƙarti da hular kwano suna karo kamar raguna. Shekara shida ya yi a babban kulob yana lainbaka. Aikin lainbaka, yadda ya bayyana mana, shi ne ya tsaya bayan sahun gaba, ya karanci inda mai ƙwallo zai ɓullo, ya tare shi ya kai ƙasa. Na ce masa a garinmu wannan kokawa sunanta, ya yi dariya har da hawaye. Da ya bar wasa sai ya zo nan yana horar da mutane a wani gidan motsa jiki, mai wurin kuma shi ne kafil ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa ya samu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar.

Matarsa Jamilat ta biyo mu har falo, ta durƙusa a gabana.

"Anti Turai, don girman Allah ki rufa mana asiri. In kuka ce shi ne, 'yan sanda za su shigo. Saura kwana goma iƙamarsa ta ƙare, kafil bai sabunta ba. In ya ji kocinsa yana danne mutane, sallamarmu zai yi. Ina muka nufa? A Amurka ba mai ɗaukarsa aiki, a Jos ko ɗaki ba shi da shi."

Ni nas ce, shekarata goma sha ɗaya a aikin. Na kai Malam asibitinmu, aka ga haƙarƙari biyu sun tsage, na dubi likita ido cikin ido na ce santsi ne ya kwashe shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka na gaya wa kaina. Amma tun daga ranar, in zan fita sai na leƙa ta ramin ƙofa. Mutumin da nake tsokana shekaranjiya, yanzu ko tarinsa na ji gabana faɗuwa yake.

Rana ta uku ya shigo ban haƙuri da kwalin dabino. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Malam, yana runtse ido saboda hasken taga.

"Koci, kanka yana ciwo," na ce.

"Sista, kaina ya fi shekara goma yana ciwo."

"Sau nawa ka taɓa suma a fili?"

"Wanda aka rubuta, huɗu." Ya yi ɗan murmushi. "Sauran ba a rubutawa. Za ka ji kunnenka yana ƙara, fili yana juyawa, likita ya rugo ya ɗaga yatsu, ya ce nawa ne. Sai ka ce biyu, don kusan kullum biyu suke ɗagawa. In ka ce ba ka gani, akwai wani a benci yana jiran rigarka. Sai ka tashi ka koma."

Ya gaya mana yanzu yakan manta hanyar wurin aiki, wata rana ya tsaya a tashar jirgin metro ya rasa inda za shi. Ya ce abokan wasansa biyu haka suka fara, ɗaya bai kai arba'in ba. Malam da haƙarƙarinsa a ɗaure shi ne ya koma lallashinsa.

Matan benenmu kuwa suka yanke hukunci tun kafin a tambaye su, wai iska ce ta taɓa shi. Jamilat ta samo wani malami daga unguwar Gubaira ya zo ya yi ruƙya kwana biyu a jere. Ban hana ba, addu'a ba ta ɓaci. Amma na san iska ba ta barin ƙullutu a saman kunne.

Rana ta shida na shiga wurinsu da la'asar, ko kayan aiki ban cire ba. Jamilat ta miƙa masa shayi, kofin ya zame daga hannunsa na hagu ya fashe. Da ya tashi ya kauce wa ruwan, na ga yana jan ƙafar hagu. Na haska idonsa da fitilar waya, abin da na gani bai yi mini daɗi ba.

"Koci, jini ne yake taruwa a kanka. Yau za mu asibiti, yanzun nan."

"Da inshorar wa? Ta kamfani ce. Kafin in fito daga hoto kafil ya sani."

"Ya sani mana. Iƙama ta fi ranka ne?"

"Kwana huɗu, Sista. A buga ta, in bi ki duk inda kika ce. Na taɓa buga wasa uku da abin da ya fi wannan."

Jamilat tana tsince kwalba, ba ta ɗago ba. Na zaro waya na ce ni motar asibiti zan kira, ko da kowa zai ji haushina. Sai ya matsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba. Gwiwoyinsa ne kawai suka ɗan lanƙwashe, kafaɗunsa suka sauko, idonsa ya kafe a kan hannuna. Ban sani ba ko ni yake gani, ko wani. Na tuna Malam da ko atishawa ba ya iya yi. Na ji fitsari yana neman kufce mini.

Na mayar da wayar cikin jaka. Abin da na yi ke nan, ba wanda ya riƙe mini hannu.

"Na gode," ya ce, ya ba ni hanya.

Daga ɗakina ma zan iya kiran. Sau uku ina danna lambar ina gogewa. In sun zo za su tambayi yadda aka yi, ƙaryar da na yi a wurin aikina ta fito, shi kuma ya san daga inda kiran ya zo, ga ƙofarmu tana kallon tasu. Na ce kwana huɗu ai kamar gobe ne.

Rana ta tara Juma'a ce. Maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, sai na ji bugun ƙofa a hankali. Jamilat ce.

"Anti, tun bayan asuba yake barci. Na tashe shi don ya yi wanka, ya ƙi motsi. Zo ki ji irin minsharin da yake."

Tun daga falo na ji shi, na kuma san ba barci ba ne. A wannan karon hannuna bai yi gardama ba, na kira motar asibiti. Mutum huɗu ne suka sauko da shi, suna hutawa a kowane hawa.

Likitan ya kira mu gaban allo, ya nuna wata inuwa da ta kwanta a gefen ƙwaƙwalwa ta ture sauran gefe.

"Ya bugu a ka kwanan nan?"

Jamilat ta dube ni.

"Kwana tara," na ce.

Ya dubi katin aikin da na rataya don a bar ni in shigo, sannan ya dubi fuskata. Bai ƙara tambaya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sun shiga da shi tiyata, amma kafin magariba Allah Ya karɓi abinsa. Aka miƙo wa Jamilat kayansa a leda: agogo, zobe, waya. Muna zaune a bencin baranda, Malam ya tafi neman waɗanda za su yi hidimar takardun jana'iza. Ba ta yi kuka ba tukuna.

Wayar ta yi ƙara a cikin ledar. Ta zaro, ta ƙura wa rubutun ido, ta miƙo mini.

"Larabci ne, Anti. Karanta mini."

Saƙo ne gajere. An sabunta iƙamar Badamasi, shekara guda cur.

"Me suka ce?"

Tana kallona, ina kallon wayar a tafin hannuna, har hasken ya dushe ya mutu.