Rigar da Ake Buɗewa ta Kafaɗa

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, sa masa riga ya zama aikin mutum biyu. Ɗaya ya ɗaga hannun da ba ya motsi, ɗaya ya ja wuyan rigar, shi kuma yana ta mita wai za a cire masa kunne. Auta, ƙaramar 'yarsa da ke ɗinki a falon gidan, ta gaji da wannan kokawa. Ta ɗauki wata tsohuwar rigarsa ta farke daga kafaɗa har ƙasa, ta jera mata maɓallai. Daga ranar ita kaɗai take shirya shi.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba. Gwaggo ta ce ai wannan shago ya kamata a buɗe. Yabon ya shiga kan Auta, har ta yanke shawarar sayar da 'yan kunnenta na gwal, ta sayo yadi bandir-bandir ta ɗinka da yawa.

Da ta kai wa yayarta shawarar, yayar ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "A cikin masu yabon nan, wa ya ce ki ɗinka masa?"

Yayar ta ɗora da cewa:

"Ni ma haka aka yabi sabulun da na yi, har yau kwalayen suna ƙarƙashin gadona. Ki ɗinka kaɗan, ki kai inda ba mai jin nauyinki."

Maganar ta sosa mata rai, amma ta bi. Ranar da za a kai Baba gashin ƙashi a asibiti, ta tafi da 'yan riguna a jaka, ta nemi izinin ma'aikaciyar da ke kula da layi. Ɗakin jira cike yake da kekunan marasa lafiya da 'yan rakiya a kan benci, fanka tana juyawa da ƙyar. Mutane suka karɓa, suka jujjuya, suka sa albarka, suka mayar mata. Ba wanda ya tambayi farashi.

Tana naɗe kayanta sai wata dattijuwa, wadda mijinta ke zaune a keke kusa da ita, ta yafito ta.

"'Yar nan, in gaya miki gaskiya?"

"Faɗi, Mama."

"Maigidana ba zai sa wannan ba. Maɓallan duk a fili suke, kowa ya gani ya san rigar ciwo ce. Kuma mu riga ba ta dame mu kamar wando ba. In zai shiga banɗaki, nan muke shan wahala."

Mijin ya gyara murya, ya ce a hankali, "Aljihu kuma, a sa shi ɓangaren hannun da ke aiki."

Suka koma gida. Sai da Auta ta zaunar da Baba ta tambaye shi ko shi ma rigar tana ba shi kunya.

Ya kawar da kai. "In baƙi za su zo, na fi son a sa min ta da, ko da za a cire kunnen. Na ga kin wahala ne, shi ya sa na yi shiru."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta koma kan keken ɗinkinta. Ta ɓoye maɓallan a ƙarƙashin lanƙwasa, ta yadda sai ka sa hannu za ka san suna nan. Ta ɗinka wando mai zif a gefe da gefe. Na farko ya ciji fatar Baba, ta warware ta yi masa shafi daga ciki.

Da suka koma asibiti, dattijuwar ta duba wandon ciki da waje, ta ja zif ɗin sama da ƙasa, ta miƙa wa mijinta. Da hannu ɗaya ya zuge shi. Nan take ta ba da kafin alƙalami, ta ce a yi masa kala mai duhu. Wata mai jinyar uwarta ta tambaya ko ana yin na mata. Wani ya ce ya yi masa tsada, ya wuce. Aikin da Auta ta samu bai kai na buɗe shago ba, amma ya ishe ta ta fara, kuma kowane yadi da ta yanka da mai shi.

Ita da kanta ta kai ɗinkin gidan dattijuwar. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ban san da bakin da zan gode miki ba. Da kin yi shiru kamar kowa, da na yi babbar asara."

"Ni kuwa na kwana ina cewa na ɓata wa yarinya rai," in ji matar. "Tashi, kin zo da abin awonki? Maƙwabcinmu ya karye a ƙugu, tun jiya matarsa take jiran zuwanki."