Gogen da Aka Shafa wa Sabulu

Shekara da shekaru Amparo Lacsamana tana kuka a finafinan Manila, kuma ba ta taɓa zubar da ɗigon hawaye ba sai da gogen Mang Doroy. Haka ake aiki a lokacin: kyamara na juyawa, darakta na ihu, tsohon na gefe yana goga mata taken da ake raka gawa da shi a garinsu, sai idanunta su kawo ruwa. Masu kallo ba sa jin komai, fuska suka zo gani.

Sai fim ya fara magana. Aka lulluɓe bango da barguna, aka ɓoye makirufo cikin tukunyar fure, aka ce ko tari kada wanda ya yi. A sabon fim ɗin da ake ɗauka, wurin rabuwa ya rage, inda za ta roƙi masoyinta kada ya hau jirgin ruwa. Maganar na fita, ido kuwa a bushe ƙamas. Darakta Don Eulogio ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in yau ma ba a samu ba, akwai wata mawaƙiyar dandali tana jira.

Ta roƙa a bar tsohon ya goga ko a hankali. Mai ɗaukar sauti ya yi dariya, ya ce na'urarsa har ƙugin cikin jarumin tana ji.

Mang Doroy ya fita bakin famfo, ya dawo da guntun sabulu, ya zauna yana shafa wa izgar bakan gogensa.

Amparo ta ce, "Mang Doroy, ka kashe masa murya ke nan fa."

"Da ma wa zai sake kirana, 'yata? Ke dai ki kalli hannuna."

Aka fara ɗauka. Tsohon ya tsaya bayan kyamara, ya rufe ido, yana jan baka a kan tsirkiya, kafaɗarsa na rangaji, ba ko ƙis. Amparo ta dube shi, hawaye suka zo. Sai dai ba irin na aiki ba ne, waɗanda ke tsayawa a ido. Waɗannan na gaske ne. Ta buɗe baki don ta roƙi masoyin, shessheƙa kawai ta fito. Aka sake, haka. Aka kuma.

Don Eulogio bai yi faɗa ba. Ya ce fuskar nan da a bara ne, da an cika sinima. Ya aika a kira mawaƙiyar.

Amparo ta cire rigar fim ɗin, ta bar ta a rataye don a rage wa waccan tsawo. A bakin famfo ta tarar da tsohon yana wanke izgar. Ta riƙe masa gogen kada ya jiƙe.