Kwanon Makullai

Baban yara ya fara aikin mota yana kwandasta, yana rataye a ƙofar bas yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Lokacin aurenmu ya riga ya zama direba. Ban ankara ba sai na ji ana sallama a ƙofar gida ana neman Shugaba.

Direbobi sun ba shi shugabancin ƙungiyarsu ne saboda shi ya ja su yajin aiki, har masu motoci suka yarda wanda ya kwana a hanya ba zai yi lodi washegari ba. Da aka samu abin, direbobin ne kuma suka fara karya dokar. Sai ya riƙa tsayawa a bakin tasha kullum da safe yana leƙa idon kowa. In ya ga ido ya yi ja, sai ya miƙa hannu a ba shi makulli. Gida yake kawo su, ya zuba a wani tsohon kwanona da ke kan kanta.

Ni ake zuwa a roƙa. Wani da suke kira Gaggawa ya taɓa rantse mini cewa da jan ido aka haife shi. Na ce ya je ya yi barci, ƙila a sake haihuwarsa da fari.

Duk da shugabancin, bai bar tuƙi ba. Sawu ɗaya yake yi kullum, wai shugaban da ya saki sitiyari yakan manta ciwon baya.

Ni na fara lura da idonsa. Ya zuba shayi a gefen kofi, ya gaida ƙanwata a matsayin maƙwabciya. Da na yi magana ya ce ɗakin ne ba haske. Sai ga Gaggawa wata rana, ba don makulli ba. Ya zauna yana murza hula, ya ce jiya saura kaɗan Shugaba ya afka wa wata tirela da ke tsaye, mota cike da mutane. Duk tasha an sani, amma ba mai iya faɗa masa.

Washegari da ya shiga wanka na zaro makullinsa daga aljihu na sa a kwanon. Ya duba riga, ya duba ƙarƙashin matashi, a ƙarshe ya lalubi kwanon.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni ce. Dokarka ce, Baban yara, ba tawa ba."

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya tambaya ko yaran tasha sun sani, na ce sun sani. Sai na ji ƙarar makullin a cikin kwano.

"To zuba mini shayin," in ji shi, "kada in sake yi miki ɓarna."

Daga ranar direbobi suka riƙa zuwa ɗaukarsa bi da bi su kai shi tasha. Tunda ba ya ganin jan ido, sai ya kama hannun mutum ya sa shi hira, daga murya yake gane wanda bai yi barci ba. Haka suka sake zaɓensa.

A kan gadonsa ya rasu, ba jinin kowa a wuyansa. Gaggawa ne ke riƙe da ƙungiyar yanzu, kuma nan yake kawo makullan. Na Baban yara yana can ƙasa, in na wanke kwanon sai in mayar da shi.