Littafi Mai Koren Bango

Duk ƙarshen shekara kamfanin roba da maigidana yake aiki a Sharada yakan rufe na mako biyu a yi wa injina sabis. Sauran ma'aikata kowa ya kama hanyar ƙauyensu. Shi kuwa Kamilu, wanda nake kira Abban Firdausi, hutunsa a teburin Zakariyya mai littattafai yake farawa. Sai ya tsaya ya buɗa wannan ya ajiye wancan, ya karanta farko, ya leƙa tsakiya, har Zakariyya ya gaji ya ce, "Malam, saya za ka yi ko a nan za ka sauke su?" Sannan ya taho gida Zawaciki da uku ko huɗu, kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma ya karanta min. Ni allo na yi, ban yi boko ba, amma babu labarin da ya shigo gidan nan ban san shi ciki da bai ba.

Bana sai ya ce in shirya mu tafi tare. "Ke za ki zaɓa," in ji shi.

Da farko na ji daɗi, har da sabon mayafi. Amma a gaban teburin na ga ya ɗauki littafi ya nesanta shi, ya kawo shi dab da hancinsa, ya ajiye. Zakariyya ya miƙo masa wani sabo ya ce ya duba bayansa, sai maigidana, mutumin da bai taɓa yarda da zaɓin kowa ba, ya ce, "Haba, ai na yarda da kai." Dama na kwana biyu ina lura: ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kuskure, ya zuba min ruwa a tabarma ya ce iska ce. Kuma aikinsa a kan injin niƙa yake, inda ake tura fasassun bokitai da hannu cikin baki mai wuƙaƙe. Injin nan ne bara ya cinye wa Auwalu, abokin aikinsa, yatsu uku. Na kuma san duk wanda aka gane idonsa ya yi rauni, gida ake tura shi.

Na haɗiye abin da ke raina. Na ɗauki wani mai koren bango, don kawai matar da aka zana a kai ta yi kama da yayata.

Ranar da ya fara karantawa na kasa kunne kamar mai jiran hukunci. Sai ga shi yana tafiya sumul, ba gargada, yana juya shafi yana lasar yatsa yadda ya saba. Labarin wata mai waina ce a bakin tasha, da ƙaninta direba da ya tafi Agadas bai dawo ba. Har kuka na yi. Na ce a raina, ke Aina'u, kin cika mugun zato, makaho ne zai yi wannan karatun? Daren nan na yi barci har da munshari.

Ana haka hutu ya kusa ƙarewa, maƙwabciyata Dabora ta shigo aron turmi. 'Yar Kafanchan ce, a kamfani ɗaya suke da maigidana, tana sashen ɗaure kaya. Ta hango littafin a kan taga.

"Lah, Maman Firdausi, ai na karanta wannan!"

Na riƙe hannunta. "Don Allah gaya min, direban nan yana dawowa?"

"Wane direba?"

"Ƙanin mai waina."

Ta ɗauki littafin ta buɗa nan, ta buɗa can. "Babu mai waina a nan fa. Labarin wata malamar asibiti ne da rigimar gadon gona." Sai ta dube ni, na dube ta. Ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

"Dabora, me kika sani?"

Ta yi ta kame-kame, na ce ba za ta fita da turmin nan ba sai ta faɗa. Ashe kafin hutu maigidana ya tura hannu a bakin injin ya wuce inda ake tsayawa, Allah ya sa wani abokin aikinsu, Joshuwa, da ke kusa da shi ya doki maɓallin kashe injin. "Mun yi shiru ne kar manaja ya ji," in ji ta. "Mun ɗauka kin sani."

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Wato duk Sharada ta sani, sai ni da nake wanke masa kaya. Ya zaunar da ni yana zuba min labari daga kansa, ina share hawaye kamar sakarya. Bayan fushin ya lafa sai tsoro ya zo, shi kuma bai lafa ba. Litinin za su koma, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma ya buɗe littafin. Na ce, "Koma min wurin jiya, inda ta je wajen shugaban tasha. Ka karanta shi yadda yake."

Ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Abban Firdausi, Dabora ta karanta littafin nan."

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa. "Tun damina ne. Duk abin da na kalla, tsakiyarsa kamar hayaƙi. Na ce ko hutu zai gyara."

"Ya gyara?"

Ya girgiza kai.

"To gobe asibitin ido za mu. Litinin kuma ba za ka tsaya a kan injin nan ba."

"Aina'u, in na faɗa sallamata za su yi."

"In ba ka faɗa ba injin zai faɗa musu. Je ka tambayi Auwalu."

"To me za mu ci?"

Na dubi hannuwansa a kan koren bangon, yatsu goma cif, na ƙirga su da ido ban san ina yi ba.

"Ban sani ba," na ce. "Amma da hannunka za ka ci shi."

A waje mai ruwa yana ta buga jarka. Can na ce, "Direban, yana dawowa?"

Ya ɗaga littafin zuwa fuskarsa yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya rufe shi, ya miƙo min.

"Ban kai wurin ba tukuna," ya ce. "Ni ma ban sani ba."